Ranar da Malama Ta Zo Wankin Kai

"Ajiye matajin nan," in ji Malama. "Wa ya ce ki taɓa kanta?"

Maman Auta ta ɗage ƙafa daga kan keken ɗinki ta kasa kunne. Bango ɗaya ne ya raba shagonta da shagon gyaran gashin Malama, bangon kuwa ba shi da kauri, ko tari aka yi a can sai ta ji. Ta san da wa ake. Da 'yarta ce, Auta, wadda ke koyon aiki a wurin Malama tun bara tare da Doguwa da wasu 'yan mata.

"Malama, Doguwa ce ta ce in kama mata gefe ɗaya."

"Doguwa ce ke koya miki aiki? Koma bakin ƙofa. Duk wadda ta shigo ke za ki tarbe ta, ki ji abin da take so, ki gaya mata lokacin da za a gama mata. Kuma kada ki yi mata ƙarya don ta zauna."

Maman Auta ta ja tsaki ta cije zare. An kwana biyu ana wannan abu. Kaf cikin ɗaliban babu mai hannun Auta, in ta tsaga kai kamar da zare aka auna, mata har layi suke bi su ce ita suke jira. Amma tun farkon damina Malama ta raba ta da gashi. Yau a aike ta kasuwa sayen shamfu da man gashi, a ce ta shinshina, ta duba murfi, ta bambance na gaske da jabu. Gobe a tura ta wurin mai gidan haya a kan rufin da ke yoyo. Jibi ita ce a tsaye a kan mai gyaran janareta har ya gama. Wata rana ma an ce ta je ta zauna a bakin wani titi ta kalli irin matan da ke wucewa, ta dawo ta faɗi ko shagon gashi zai ci a wurin.

"Wannan koyo ne ko bauta?" Maman Auta ta tambaye ta da yamma, suna naɗe yadi.

"Shi ma aiki ne, Umma."

"Aikin 'yar aike. Ke yarinya ce, ba ki san mutane ba. Ta ga hannunki ya fi nata, shi ya sa ta ɗaure shi. Ruwa ba ya tsami banza."

Auta ta ci gaba da daidaita bakin yadin.

Shekara da shekaru suna maƙwabtaka da Malama, amma ba a taɓa zama ƙawaye ba. Gaisuwa dai, da aron tsintsiya. Malama mace ce doguwa, marar yawan dariya, ba miji ba ɗa, tana kwana a ɗakin da ke bayan shagonta. Kowace safiya kafin kwastomomi su fara zuwa takan zaunar da ɗalibanta a kan benci ta yi musu darasi, Maman Auta na ji ta bango tana taka keke.

"Tawul ɗaya, kai ɗaya. Wadda na kama ta maimaita tawul, ta tafi gidansu."

"Ki faɗa wa mace farashi tun tana tsaye da ɗankwalinta. In kin bari sai kanta ya jiƙe, kin sayi faɗa."

"Abin da kunnenki ya ji a kan kujerar nan, a kan kujerar zai mutu. Shagon da ake kai gulma, a can ake kai shi kabari."

A da muryar nan kamar bulala take fita. Yanzu kuwa Maman Auta ta lura harshen ya yi nauyi. Kalma takan maƙale, sai Malama ta tsaya, ta sake ɗaukowa daga farko. Rannan aka ji fashewar kwalba a ƙasa, ƙamshin man gashi ya cika layin. Wata rana da hantsi ta ga Malama da idonta za ta tsallake kwata, ƙafar ta kauce, sai da ta dafa bango. Ta tsaya tana waige-waige ko an gan ta, sannan ta zaro wata 'yar kwalba daga jaka ta kurɓa ta mayar da sauri.

Maman Auta ta girgiza kai. Biri ya yi kama da mutum, in ji ta a zuci.

Ga kuma mai farar mota. Wani mutum ne siriri, mai gilashi, ya fara zuwa da safe yana ɗaukar Malama, sai bayan azahar ya dawo da ita tana layi, ido a lumshe, ya riƙe mata hannu har ɗaki. Ba ya gaida kowa da kyau, sai ɗaga hannu. Ranar da abin ya kai Maman Auta bango ita ce ranar da ta leƙa ta ga mutumin a cikin shagon yana ɗaukar hoton na'urorin busar da gashi da wayarsa, ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama ya tsaya da Auta a bakin ƙofa suna magana ƙasa-ƙasa, ya miƙa mata wayar ta danna masa lamba.

"Lambar wa kika ba shi?"

"Tawa."

"Taki! Shi wane ne?"

"Umma, don Allah ki bar maganar nan."

"In bar ta? Mace na shaye-shaye da rana tsaka, wani ƙato na ɗaukarta yana dawo da ita ba ta san inda kanta yake ba, yau kuma ya koma kanki, ki ce in bar magana? In ka ga kare na shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Daga yau kin gama zuwa shagon nan."

Auta ta ɗago ta dube ta, idonta ya ciko, ta buɗe baki kamar za ta faɗi wani abu, sai ta rufe. Wannan rufe bakin ya fi komai tayar wa Maman Auta hankali. Ashe har an koya wa yarinyar ɓoye mata magana.

Auta ta zauna a shagon uwarta tana sa maɓalli tana guga, ba ta ci abincin kirki, ba ta magana. Ta bango kuwa ana jin shagon yana rikicewa. Wata kwastoma da ɗaliban ke kira Hajiya Sake-Min, don ba a taɓa yi mata kitso ba ta ce a tsefe a sake ba, ta zo ta tarar an ba wata lokacinta, ta yi ta zuba faɗa har ta fita da rabin kai a tsefe. Janareta ya mutu ba mai kiran mai gyara. Muryar Malama kuwa ba a ji ta ba sam. Duk ƙarar da ta taso daga can sai hannun Auta ya tsaya a kan dutsen guga.

Da Maman Auta ta ga yarinyar na neman ramewa, sai ta yafa mayafi da hantsi ta ce gara a yi ta ta ƙare. Ta bi ta lungun da ke gefen shagon, ta wuce igiyar da aka shanya tawul, ta yi sallama a ƙofar ɗakin Malama. Ba ta jira an amsa ba ta ɗaga labule.

Ɗakin a share yake tas. Gado ɗaya, kujerar roba, ƙaramin tebur cike da kwalabe da kwalayen magani. Malama na zaune a bakin gado tana kokawa da ɗankwali. Hannun dama ya kama gefe ɗaya, na hagu kuwa yana kwance a cinyarta kamar ba nata ba. Kanta a buɗe. An aske gefe guda, ga wani dogon tabon ɗinki ya taso daga bayan kunne ya hau sama. Sauran gashin ya yi furfura ya zube, saura kaɗan.

Maman Auta ta tsaya da labule a hannu.

"Shigo mana, maƙwabciya," in ji Malama a hankali, tana jan kalmomin. "Tun da kin gani, ki ƙarasa gani. Ɗaura min abin nan."

Ta ƙarasa ta ɗaura mata.

"Me ya same ki haka?"

"Ƙari ne, in ji likita. A cikin kai." Gefen bakinta ɗaya ya ɗan motsa. "Rayuwata duka ina yi wa mata ƙarin gashi a kai, ni kuma aka yi min nawa a ciki. Sun cire, ya dawo. Sun ce ba sa sake taɓawa."

"Mai farar motar nan fa?"

"Ƙanena ne. Uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ke kai ni asibiti. Ya karɓi lambar Auta ne don in na faɗi a samu mai kiransa." Ta juyo da ido ta kafe ta. "Ke me kika ɗauka?"

Maman Auta ta dubi kwalaben da ke kan tebur. Ga 'yar kwalbar nan a cikinsu, da takardar asibiti a manne a jikinta. Ta zauna a kujerar roba ba tare da an ce ta zauna ba. Kunya ta rufe ta, amma ba ta daɗe ba wani tunanin ya ture kunyar. Ta tuna hotunan da mutumin ya ɗauka.

"Allah ya ba ki lafiya," ta ce. "Amma ni uwa ce, dole in tambaya. Wato shi ya sa kika ɗora mata shagon? Ta riƙe muku, ta yi ta wahala, ƙanenki na zaune a mota yana cin moriya?"

Malama ta yi wata 'yar dariya da ta koma tari.

"Ke dai ba ki gajiya. Shagon nan ba zai rayu bayana ba. Ƙanena zai sayar da kayan, ni na ce ya yi, yana da yara, kuma ya yi min abin da ba kowa zai yi ba. Ba zan bar wa Auta shago ba. Abin da aka ba ka, ana iya karɓewa."

"To me ya sa kika hana ta gashi? Ita ce ta fi kowa hannu."

"Shi ya sa." Ta numfasa. "Hannu Allah ya riga ya ba ta, ba ni da abin ƙarawa. Baki ne ba ta da shi. 'Yarki ba ta iya ce wa mutum a'a ba. Na ga masu hannun da ya fi nata, sun tsufa suna yi wa wasu aiki, don ba su iya tsayawa gaban mai gidan haya ba, ba su iya sallamar ma'aikaciyar da ke makara ba. Da ina da sauran shekaru, da na bi ta a hankali. Ba ni da su."

"Ta san ba ki da lafiya?"

"Ita kaɗai. Na ce in ta faɗa wa ko da uwarta ce, ta fita daga shagona. Mata ba sa kawo kansu wurin mai jinya." Ta lumshe ido. "Ba ta faɗa miki ba ke nan. To, ta ci wannan darasin."

Maman Auta ta koma shagonta ta tarar da Auta na guga. Ta karɓi dutsen daga hannunta ta ajiye.

"Tashi ki je. Janaretansu ya mutu."

Auta ta dube ta, ta dubi mayafin da ke kafaɗarta, ta gane. Ta fita da gudu ko takalmi ba ta sa daidai ba.

Daga nan jikin Malama ya yi ta ja baya. Ta daina fitowa darasi, ɗaliban kuma suka gane da kansu. Maman Auta ta koma kai mata ruwan zafi da safe, ta ɗauki ɗinkin hannu ta zauna a kujerar roba. Ba su cika hira ba. In ƙanen ya zo takan gaishe shi, amma idonta na kan hannunsa har ya fita.

Wata safiya, shago ya buɗe ke nan ba kwastoma ko ɗaya, Malama ta ce a ɗaga ta. Maman Auta da ƙanen suka riƙo ta, ɗaya a kowane gefe. Ta ce ba ta ƙofar baya ba, ta ƙofar titi za ta shiga. Suka zagaya da ita ta lungu, ƙafarta na jan ƙasa. 'Yan matan suka miƙe tsaye cirko-cirko.

"Ba a tarbar mutane a nan?" in ji Malama.

Auta ta matso. "Sannu da zuwa. Bismillah, ga kujera. Me za a yi miki?"

Aka zaunar da ita gaban madubi. Ta sa hannu ta zame ɗankwalin. Wata daga cikin ɗaliban ta toshe baki ta juya baya.

"Man miƙar da gashi nake so. Mai ƙarfin. A sa min yanzu, sauri nake."

Shagon ya yi tsit. Doguwa, wadda tun da take ba ta taɓa jin Malama ta ba da umarni an tsaya ba, ta nufi kantar kaya ta ɗauko robar man.

"Mayar da shi, Doguwa," in ji Auta. Ta durƙusa daidai fuskar Malama. "Ki yi haƙuri, ba za mu sa miki ba. Fatar kanki da rauni, zai ƙone ki."

"Kaina ne ko naki?"

"Naki ne."

"To sa min. Ke wace ce? Yaushe aka haife ki? Kira min mai shagon."

"Ni ce a madadinta."

"Sai in tafi wani wurin. Shagon gashi ya ƙare ne a garin nan? Zan gaya wa kowa ba ku iya komai ba, ba ku da mutunci!" Muryar ta tashi, ta karye, hannun dama ya bugi hannun kujera. Hawaye na bin gefen fuskarta da ya saki.

Maman Auta na tsaye a bakin ƙofa, ta rasa abin da take gani. Gwaji ne, ko ciwon ne ya taɓa hankali? Ta dubi ƙanen, shi ma ya cire gilashi yana murza ido. Ta ji kamar ta ce wa Auta ta lallaɓa ta, ta shafa mata ko da man kitso ne ta ce shi ne, mai jinya ce, a bar ta ta samu abin da take so.

"In kin tafi ba zan ji daɗi ba," in ji Auta, ba ta sunkuyar da kai ba. "Amma man nan ba zai hau kanki a shagon nan ba. In kin yarda in wanke miki da ruwan ɗumi, in shafa miki mai marar zafi, in taje miki a hankali. Za ki ji daɗinsa."

Malama ta daɗe tana kallonta ta cikin madubi.

"To," ta ce.

Suka mayar da ita kujerar wankin kai, suka kwantar da wuyanta a bakin kwamin, wato bahon da ake wanke kai a ciki. Auta ta ɗauko sabon tawul. Wannan ne karo na farko tun farkon damina da hannunta ya taɓa gashi a shagon. Ta zuba ruwan sannu-sannu, tana kare tabon da tafin hannunta.

"Ruwan ya yi zafi," in ji Malama, ido a rufe.

"Bai yi ba, Malama. Na gwada a bayan hannuna."

Malama ta saki jiki. Kafin a gama tajewa barci ya ɗauke ta, sai ɗaukarta ƙanen ya yi kamar yarinya ya mayar ɗaki. Har yau Maman Auta ba ta san ko gwaji ne ba, Auta ma da aka tambaye ta cewa ta yi ba ta sani ba.

Malama ba ta sake fitowa ba. Ta cika wata rana da hantsi, Maman Auta na zaune a kujerar roba tana kalmasa bakin wani siket, ta bango ana jin na'urar busar da gashi na gurnani da muryar Auta tana gaya wa wata cewa sai ta jira. Numfashin da take ji a gefenta ne ta ji babu. Ta soke allurar a jikin siket ɗin, ta tashi ta shafa wa Malama ido, ta gyara mata ɗankwali. Ta ɗan tsaya. Sannan ta leƙa ta ƙofar baya ta yafito Auta da hannu.

Bayan an share makoki, wata babbar mota ta zo. Maman Auta ta fito da kujerarta bakin shago ta zauna tana kallon ana fitar da na'urori, da madubai, da benci, da kantoci. Ƙanen na tsaye yana nuna wa masu ɗauka. Ɗaliban sun watse, wasu sun samu wuri a wasu shagunan. Auta na cikin shagon uwarta, ta ƙi fitowa.

Da motar ta tafi, sai ga ƙanen ya nufo ta, rungume da kwamin wankin kai. Ta gyara zama.

"Maman Auta, mai sayen ya ƙi wannan. Ya ce ya tsage. Na ce maimakon a yar, ko Auta za ta so."

"Ya tsage?"

"Haka ya ce."

"Ita ce ta ce ka kawo?"

"Ba ta ce min komai ba." Ya ajiye shi a gabanta, ya ɗaga hannu kamar yadda ya saba, ya shiga motarsa.

Maman Auta ta juya kwamin ta kifa, ta bi shi da yatsa ciki da waje. Akwai wani siririn layi a gindinsa, ta kasa gane tsaga ce ko ƙarzuwa. Ta ƙwanƙwasa ta kasa kunne. Ta ɗaga kai ta dubi cikin shagonta, ta dubi keken ɗinkin da ya cinye tsakiyar ɗaki, da kusurwar da tarin ƙyallaye ya mamaye.

"Auta! Zo ki kama min keken nan mu matsar da shi jikin bango."

Suka matsar. Suka kwashe ƙyallayen, suka share kusurwar, suka ɗora kwamin a kan kujeru biyu. Maman Auta ta toshe ramin fitar ruwa da tsumma, ta ɗauko bokiti ta cika shi da ruwa har baki.

"Ba na yarda da abin da ban gwada ba," ta ce.

Suka tsuguna su biyu, kafaɗa da kafaɗa, suka leƙa ƙarƙashinsa. Ruwan ya gama kaɗawa ya kwanta. Simintin da ke ƙasa a bushe yake, suka ci gaba da kallo.